Faɗin Sallaya Biyu

Na Allah ne mu, gare Shi kuma kowa ya nufa, sai dai Baba ya riga mu isa. Ya cika ranar wata Talata tsakanin azahar da la'asar, a gidansa na unguwar Dar Salam, a gefen Umdurman, yana zaune a bakin gadonsa na igiya. Kafin rana ta yi sanyi layinmu ya cika. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ce mana "al-baraka fikum" kamar yadda aka saba ta'aziyya a nan, sannan idonsa ya faɗa tsakar gida ya tsaya. A can, tsakanin rumfa da randunan ruwa, akwai wata 'yar koriyar ciyawa mai kusurwa huɗu, an kewaye ta da igiya da turaku. Najila ce, irin wadda ake shimfiɗawa a gidajen manya na Khartum. Kwana goma sha biyu ke nan da Baba ya shimfiɗa ta da hannunsa.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta fara magana a kanta. Ta dafa turke ɗaya ta ce, "Wayyo ɗan'uwana, ya tafi bai ko taka ba." Limamin unguwa ya yi murmushi cikin gemu, ya ce ko Juma'ar da ta wuce marigayin ya tare shi a ƙofar masallaci yana roƙon ya sa maganar ɓarnar ruwan alwala a huɗuba. Maƙwabcinmu mai awaki, ƙaton mutum da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya durƙusa a bakin igiyar yana kuka har kafaɗunsa na rawa. Yaya kuwa, babban wanmu, wanda ya baro motocinsa a kasuwar Suk al-Arabi ya taho a guje, ya dubi matan da ke neman wurin zama ya ce, "A kwance igiyar nan, ya jama'a, mutane sun fi ciyawa."

Ni na hana. Na tsaya a gabansa na ce in an taka ta yanzu ta mutu, ba ta kama ƙasa ba tukuna. Ya kalle ni kamar na zautu, ranar mutuwar ubanmu ina rigima a kan ciyawa. Bai san abin da na sani ba, ni kuma na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Inna tana ɗaki a kan tabarma, an lulluɓe ta da farin mayafin takaba.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne jikoki. Larabci ya fi zama a bakinsu, Jiddo suke ce masa, kuma ina tsoron abin da za su riƙe kawai shi ne wani tsoho da ke hana su gudu a tsakar gida. Ya fi haka nesa ba kusa ba.

Baba mai aikin lambu ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. 'Yan'uwan Baba wasu suka kama kasuwa, wasu suka kama allo, shi ya kama shebur. Shekara arba'in da ɗoriya yana tsallaka gada da sassafe zuwa Khartum, yana shimfiɗa najila a gidajen da ko ruwa ba a ba shi sai ta ƙofar baya. Da yamma ya dawo gidan da ba ko tsiro ɗaya, sai ƙasa ja da inuwar rumfa. Tun ina ƙarama nake jin ƙanshin laka a jikinsa, har yau in na bi ta bakin kogi sai in waiga.

Ba mai yawan magana ba ne, sai in an taɓo ciyawa. Nan kam sai ka nemi wurin zama. Yakan ce najila baƙuwa ce: an yanko ta daga ƙasar da ta sani an kawo ta wadda ba ta sani ba, in ka matsa mata a makon farko ba za ta zauna ba. In ɗayanmu ya yi gaggawar wani abu, aure ko sana'a, sai ya ce, "Ka gyara ƙasa tukuna?" Mun ji wannan tambaya har mun gaji. In ya shiga gidan mutum, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya gano inda ruwan sama zai kwanta, kuma sai ya faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ranar da aka kai ni gidan mijina a bayan Kasuwar Umdurman, ana ta guɗa, shi yana can yana gaya wa surukina cewa tsakar gidansu ta karkata wajen ɗaki.

Da ƙarfi ya ƙare ya bar aiki, mun ɗauka zai zauna ya riƙe carbi kamar sa'o'insa. Sai ya ce zai shimfiɗa najila a gidansa. A Dar Salam! Inda ruwa sai an jawo shi a ganga bisa amalanken jaki, inda katanga ta ƙasa ce, in ta sha ruwa ta zube. Inna ta ajiye muciya ta ce, "Ya Haj, ruwan da jaki ya jawo da wahala shi za ka ba ciyawar da ko jakin ba za ka bari ya ci ba?" Ya ce ba zai taɓa gangarta ba. Ta ce sauro fa? Ya ce ruwan da ya kwanta shi ke kiran sauro, nasa ba zai kwanta ba. Ta ce katanga fa? Ya ce zai ba ta taku uku. Ta ce, "Kalas, shi ke nan, tsufa ya zo."

Su biyun ba sa faɗa da ɗaga murya. In Inna ta yi fushi, gahawar safe takan zo babu citta. Baba zai kurɓa, ya ajiye finjalin a hankali, ya ce, "Yau ma an ɗaure mu." A kan maganar najilar nan ya sha gahawa babu citta fiye da mako guda. Da abin ya lafa kuma sai ta kama shi yana tankaɗe yashi da rariyarta ta garin kisra, wainar dawar da muke ci, aka koma gidan jiya.

Alkawarin ganga kuwa ya cika shi. Dabararsa ita ce ruwan alwala. Ya ajiye wani daro a gindin rumfa, ya kafa doka: duk mai alwala a gidan nan a cikin daron zai yi. Safe da yamma ya ɗauka ya yayyafa wa ciyawa da hannu. Ruwan wanke-wanke bai yarda ba, saboda sabulu. Baƙo in ya zo ya ɗauki buta zai tsuguna a gefe, sai ka ji Baba daga kan gado: "Nan, nan, ya ustaz, kada ka ba ƙasa ladanka a banza." Cikin wata biyu duk layin an san dokar, har ana tsokanarsa da ita a masallaci.

Sau biyu ya gwada ta ƙi. Na farko ƙasar ce ta ci ta, ashe akwai gishiri a cikinta; mutumin da ya yi shekara arba'in yana duba ƙasar wasu bai duba tasa ba, ya kuwa yi wa kansa dariya a kan haka. Na biyu ta fara kamawa ke nan akuyar maƙwabci ta shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Wannan maƙwabcin bai daɗe da zuwa ba a lokacin, daga ƙauyensu na yamma aka taso su, da mata da yara da awaki uku, ba aiki sai abin da rana ta kawo. Ban taɓa ganin Baba ya fusata kamar ranar ba. Ya jawo akuyar da kunne har ƙofar mutumin, ya faɗi maganganun da daga baya ya yi istigfari a kansu. Mutumin ya tsaya kansa a ƙasa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya Haj. Ka ɗauki akuyar." Ita ce mai ba yaransa nono, kowa ya sani.

Baba ya dawo gida ya kasa cin abinci. Washegari ya koma ya ce akuya kam ba ya so, amma tunda ta ci ciyawarsa, kashinta nasa ne, a riƙa tara masa a buhu. Daga karɓar taki ya fara nuna wa mutumin yadda ake riƙe shebur, yadda ake daidaita ƙasa da katako. Bayan wata uku ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya kai shi Khartum da kansa wajen mutanen da ya yi wa aiki, ya ce ga magajinsa. Da wannan sana'ar mutumin yake riƙe da gidansa har yau. Shi ne wanda ya durƙusa yana kuka a bakin igiya.

Gwaji na uku ina nan aka yi shi, don ya aika a kira ni. Ya ce idonsa ya rage, yana son wanda zai riƙe masa igiya ta miƙe. Na tarar ya haƙe wurin zurfin taƙi guda da rabi, ya kwashe jar ƙasar gaba ɗaya, ya zuba lakar bakin kogi da yashi da takin awakin nan. Makonni ya yi yana wannan, kaɗan-kaɗan, yana hutawa. Najilar kuwa da kansa ya je gonakin bakin kogi ya zaɓo, aka yanka masa falle-falle da ƙasarta a jiki, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu ya hau motar haya da ita a cinya. Kwandasta ya yi ta mita wai tana ɗiga a ƙafar fasinja, Baba ya ce masa ruwan Nilu ne, albarka ce.

Da na ga faɗin wurin sai na yi dariya. Na ce, "Baba, duk wannan rigima a kan ɗan wannan? Ko akuyar ma ba za ta ƙoshi ba." Ya leƙa wajen madafa ya ga Inna ta juya baya, sai ya ce in ɗauko masa sallayarsa da tata. Ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan ƙasar da ya gyara. Suka cika wurin daidai, da ɗan ragi a kowane ɓangare.

Ya rage murya ya ce, "Shekara arba'in ina shimfiɗa wa matan mutane suna shan shayi a kai. Uwarki ba ta taɓa sa ƙafa a kan aikina ba, ko sau ɗaya. Gwiwoyinta sun gaji da wannan ƙasa mai tauri." Ya naɗe sallayun ya miƙo mini. "Kada ki gaya mata. Za ta ce na lalace."

Sai bayan la'asar muka fara, don ya ce ba a shimfiɗa najila rana na tsaka. Ya yayyafa wa ƙasar ruwa, ya ɗora fallen farko a bin igiya. Na biyu ya manna shi da na farko har ba ka ganin tsaga. Layi na gaba ya fara da rabin falle, yadda magina ke jera tubali, don kada gaɓoɓin su haɗu wuri guda. Bai yarda ƙafarsa ta taɓa ciyawar ba; katako ya ɗora a kai yana durƙuso bisa shi, yana dannawa da tafin hannu. Ni aikina zuba tankaɗaɗɗen yashi a tsakanin gaɓoɓi. Hannunsa na rawa in ya ɗauki finjali, amma ranar ban ga ya yi rawa ba. Da muka gama ya ba ta ruwa sosai, ya kafa turaku, ya ce mako uku ba mai takawa. Na ce yaya za a san ta kama? Ya ce, "Ki kama kusurwa ki ja. In ta biyo ki, baƙuwa ce har yanzu. In ta ƙi, ta zama 'yar gida."

Bai kai mako ukun ba. Wannan shi ne abin da na sani ranar da na tsaya a gaban Yaya.

Takawa kam na hana, amma abin da ya biyo baya ban hango shi ba, kuma da hannuna a ciki. Kwana uku na zaman makoki, maza a rumfar da aka kafa a layi, mata a cikin gida. Kowa ya san dokar marigayi, kowa kuma yana son ya yi masa wani abu na ƙarshe. Matan suka riƙa tsugunawa a bakin igiya suna alwala kai tsaye a kan ciyawar, wasu suna kuka suna ƙara zubawa. Maƙwabcinmu ya ɗauki daron ya kai rumfar maza, duk salla sai ya shigo da shi cike ya juye, shi da ya kamata ya fi kowa sani. Baƙin ciki ya rufe masa ido. Ni kuma ina kallo ina jin daɗi, ina cewa a raina ga mutane suna shayar da ita. Baba ruwan mutum biyar yake ba ta, mu muka ba ta na unguwa guda.

Rana ta huɗu aka kwance rumfa, na fito da safe na ga ta koma rawaya. In ka danna da yatsa ruwa ya taso, ga wani wari kamar na tsumman da aka manta a jiƙe. Gindin katanga ya yi duhu da laima. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Na ji kamar shi ne na kasa riƙewa.

Yaya ya zo ya duba katangar, ya duba ciyawar. Ba mugun mutum ba ne, tsoronsa Inna za ta zauna ita da Gwaggo da sauro da katanga mai shirin zubewa. Ya ce, "Ta mutu, ya ukhti, 'yar'uwata. Bayan sadakar arba'in zan kawo siminti a shafe wurin, kowa ya huta."

Muna cikin haka sai ga Inna a bakin ƙofar ɗaki, karon farko da ta fito tun ranar Talata in ba don lalura ba. Ta tako a hankali da farin mayafinta, ta tsaya a bakin igiya, ta daɗe tana kallo. Na ɗauka za ta ce a kawo simintin yau. Sai ta ce, "Wane mai hankalin ne ya yi wannan? Kun shaƙe ta. Kada wanda ya sake zuba mata ko ɗigo sai na ce."

Ta aike ni bayan ɗaki in ɗauko wani guntun rodi da Baba ke ajiyewa. Ta sa aka ɗora katakonsa, ta nuna mini inda zan riƙa sokawa, taƙi-taƙi, don ƙasar ta sha iska. Ta sa maƙwabci ya ja 'yar hanya a gefe ruwan ya bi ya bar katanga. Sannan ta ce, "Ɗauko rariyar." Na ce wace? Ta ce, "Rariya nawa gare ni?" Da hannunta ta tankaɗe yashi ta barbaɗa a kan ramukan. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, a ina kika koyi wannan?" Ta harare ni ta ce, "Shekara hamsin ina jin maganar ciyawa safe da yamma. Ko randar can aka tambaya za ta faɗa."

Kwana biyar ta hana ta ruwa. Daga nan ta dawo da daron gindin rumfa, alwalarta da ta Gwaggo kawai, tana yayyafawa da hannu yadda yake yi. Takaba ta tsare ta a gida, ba inda za ta, ta mai da ciyawar aikinta. Duk bayan kwana biyu nakan hau mota daga kasuwa in zo in duba. Mako na farko ba abin da ya canja. Na biyu kusurwar da ke wajen randuna ta bushe ƙurmus, Inna ta ce wannan kam ta tafi, ta cike gurbin da yashi. Na uku na ga wasu siraran koraye suna leƙowa daga cikin rawayar, ban gaya wa kowa ba don tsoron baki. Ja kuwa ta hana. Ta ce ba a tambayar mara lafiya ko ya warke kullum.

Ranar arba'in da hantsi, kafin mutane su fara zuwa, Yaya ya iso. Ya tsaya ya ga kore ya rufe wurin, ban da kusurwar nan ɗaya da sababbin rassa suka fara rarrafawa cikinta. Ya ce kore a sama ba ya nufin komai, shi ma ya ji wannan a bakin Baba. Inna ta ce gaskiya ne. Ta dafa kafaɗata ta durƙusa da ƙyar, ta cusa yatsu a ƙarƙashin kusurwar da ke kusa da ita, ta ja. Ba ta motsa ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Kai mai ƙarfi, gwada." Ya sunkuya ya ja da gaske, ganye kawai ya biyo hannunsa. Ya tsaya yana kallon ganyen, sannan ba tare da an ce masa ba ya shiga tuge turakun yana naɗe igiya, fuskarsa a juye.

Inna ta ce in kawo mata sallaya, za ta yi walaha. Na shiga na ɗauko tata. Ta dube ta, ta dube ni.

"Biyu ya auna," in ji ta.

Na tambaye ta a ina ta sani. Ta ce, "Kin ɗauka ban ga ƙurar da kuka dawo mini da ita a jikin sallayun ba? Je ki ɗauko tasa."

Na ɗauko. Ta shimfiɗa tasa a dama, tata a hagu, suka cika wurin daidai. Kafin ta hau sallayar sai ta tuɓe takalmi ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗan ragin da ya bari a gefe, sannan ɗayar. Ta tsaya haka, yatsunta suna nutsewa cikin ciyawar.

"Da sanyi," ta ce. Ta share ido da bakin mayafi. "Allah ya sa inda yake ya fi nan sanyi."

Muka ce amin, ta ta da salla.